Basirar na'ura da mutum-mutumi: me za su iya yi wa talakan Nijar, kuma da wane sharaɗi?

Tun da maganar ƙirƙirarriyar basira ta cika rediyo da Facebook, tambaya ɗaya ce ke yawo a fadojin shayi na Yamai: wannan abu zai rage mana wata wahala ne, ko zuwa ya yi ya raba yaranmu da ɗan aikin da ya saura? Wani ya ce an ƙera na'urar da ta fi malamin jami'a sani. Wani ya ce nan da ƴan shekaru mutum-mutumi ne zai riƙa noma da tiyata. Kawuna, wanda ruwa ya ci gidansa a Harobanda cikin 2020, ya yi shiru yana saurare har aka zuba shayi na uku, sannan ya juyo wajena. "Ɗana, ku da kuka yi lakwal, ita wannan na'urar tana iya gaya mini daren da gulbi zai shigo ɗakina?" Na ce, "Kawu, tana iya kusantar hakan, amma da sharaɗi." Wannan sharaɗin ne nake ganin ake tsallakewa a yawancin muhawarar.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Basirar na'ura, wato ƙirƙirarriyar basira, wadda masu Faransanci ke taƙaitawa da IA, ba ruhi ba ce, ba kuma ƙwaƙwalwa irin ta ɗan Adam ba. Manhaja ce da ake nuna wa misalai masu ɗimbin yawa har ta gano yadda abubuwa ke maimaita kansu, sai ta riƙa yin hasashe a kan abin da ba ta taɓa gani ba. Ka tuna dillalin dabbobi a kasuwar Turaku. Yana kallon rago daga nesa ya gaya maka kusan nauyinsa da abin da zai yi, domin dubban raguna sun bi ta hannunsa. Kai masa raƙumin dawa, sai ƙwarewar ta tsaya. Haka na'urar take: abin da aka ciyar da ita, shi ta sani.

Sunan kansa ba sabo ba ne. Tun 1956 wasu masana suka raɗa shi a wani taro a kwalejin Dartmouth ta Amurka. Abin da ya sauya a shekarun baya-bayan nan shi ne yawan rubutu da hotunan da suka taru a intanet, da ƙarfin kwamfutoci. Jama'a kuma ba su farga ba sai da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT a watan Nuwamban 2022. Shi wannan aikinsa hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, shi ya sa yake iya tsara magana mai daɗi, shi ya sa kuma yake iya ƙaga abin da babu shi ya faɗe shi ba tare da wata shakka ba.

Mutum-mutumi kuwa na'ura ce mai jiki, tana jin abin da ke kewaye da ita ta kyamara ko wasu ma'aunai, tana kuma motsi. Mafi yawansu ba su da fuska ko ƙafa. Hannuwan ƙarfe ne a masana'antun Sin da Japan da Jamus suna walda da fenti. Wanda ya fi kusa da rayuwarmu shi ne jirgi maras matuƙi.

Na uku shi ne na'ura mai bin umarni kawai, ba ta koyon komai. Ɗan ƙasarmu Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar da mai lambu zai kunna injin ban ruwa ya kashe shi da wayar salula daga inda yake. Wannan ba ƙirƙirarriyar basira ba ce, amma ya ɗauke wa mutane tafiya da asarar ruwa. Na kawo shi ne domin sau da yawa matsalarmu irin wannan maganin take nema, sai a zo mana da wanda ya fi shi tsada saboda sunansa ya fi tashe.

Gulbi: inda amfanin ya fi fitowa fili

Duk wanda ya girma a bakin kogin Isa ya san sau biyu yake cika a shekara. Akwai ruwan da ke tasowa daga tsaunukan Gine, ya bazu a faffadar fadamar tsakiyar Mali, ya iso Yamai cikin sanyi, wajen Disamba da Janairu. Wannan mai tafiyar hawainiya ne, ana ganin zuwansa tun da makonni. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda Sirba da Dargol da Goruwol ke kwararowa daga ɓangaren Burkina Faso. Shi ne mai ɓarna, domin cikin ƴan kwanaki yake tashi. Ƙasar da ke can ta gaji, itatuwa sun ragu, samanta ya ƙeƙashe, ruwan sama ba ya nutsewa sai ya gangara gaba ɗaya ɗauke da jar ƙasa. Rairayi ya cike cikin gulbi, mu kuma mun yi gine-gine a kwarin da iyayenmu suka bar wa shinkafa.

A Satumban 2020 ma'aunin Yamai ya kai wajen mita 7, alhali ana shiga jan gargaɗi tun daga santimita 620. Madatsai suka fashe. Lamorde da Karaje da Kirkisoy da Saga suka sha ruwa. Na je gidan kawu da safe, ruwa ya kai mini cinya a tsakar gida. Abin da ba na mantawa shi ne buhunan hatsi biyu da ya sayo kafin farashi ya hau, sun kumbura har ɗinkin ya tsage, da takardun haihuwar yara da matarsa ta shanya ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma a harabar wata makaranta, tawadar ta gudu.

A nan basirar na'ura tana da aikin yi na gaske. Ana ba ta tarihin tsayin ruwa na shekaru, da yawan ruwan saman da taurarin ɗan Adam suka hango, da laimar ƙasa, da taswirar tudu da kwari, sai ta koyi cewa idan kaza da kaza suka haɗu a saman Sirba, bayan kwana kaza ruwa zai kai nan. Kamfanin Google yana da irin wannan tsari mai suna Flood Hub, wanda ya faɗaɗa zuwa ƙasashe 80 a 2023, yana kuma ba da hasashe har na kwana bakwai. Mu ma ba a baya muke ba wajen cibiyoyi. Cibiyar nazarin noma da ruwa da yanayi ta Sahel, AGRHYMET, tana nan Yamai tun 1974, cibiyar yanayi ta Afirka ACMAD tana nan, hedikwatar hukumar raya kogin Isa ta ƙasashe tara ita ma tana nan. Birane kaɗan ne a Afirka suka tara masana ruwa da yanayi irin haka.

Sharaɗin farko: na'ura ba ta ganin gulbi da idonta, sai abin da ma'auni ya gaya mata. Tauraron ɗan Adam yana kintace ne daga sama, dole a gwada kintacensa da abin da aka auna a ƙasa. Hukumar yanayi ta duniya ta daɗe tana cewa Afirka ce ta fi kowace nahiya ƙarancin tashoshin auna yanayi. Tashar Garbe Kuru da ke kan Sirba, da mutumin da ke duba ta, da batirin da ke aika alƙaluma, su ne abincin na'urar. Kuma yankin Tilaberi, inda waɗannan koguna suke, shi ne rashin tsaro ya sa zirga-zirga ta yi wuya. Duk ranar da ma'auni ya mutu ba a samu mai gyara ba, hasashen ya raunana komai tsadar kwamfutar.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko nauyi. A ce hasashen ya yi daidai. Wa zai kai shi kunnen kawu? Taswira mai launi a shafin intanet da Faransanci ko Ingilishi ba gargaɗi ba ce ga mutumin Kirkisoy. Sai ta bi ta mai unguwa, da lasifikar masallaci, da rediyo, da saƙon murya cikin Zabarmanci da Hausa. Kuma sai an gaya wa mutum inda zai kai iyalinsa da awakinsa, domin mutane da yawa sun ji gargaɗi sun zauna, ba don taurin kai ba, don tsoron a kwashe ɗan abin da suka bari.

Akwai kuma iyakar da ya kamata a faɗa. Damanar 2024 ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe, aka kuma ɗage komawa makarantu. Yawancin wannan ɓarna ba ta babban kogi ba ce. Ruwan sama ne mai ƙarfi ya rusa gidajen laka, ƙoramu suka ɓalle a Maradi da Damagaram da Tawa cikin sa'o'i. Tsarin da ya ƙware a kan manyan koguna ba lallai ya hango ƙoramar da ba ta da ma'auni ko ɗaya ba. A irin wannan, magudanar ruwa da hana gini a hanyar ruwa sun fi kowace manhaja.

Gona da likita

Akwai manhajojin waya da manomi zai ɗauki hoton ganye su gaya masa cutar da ta kama shi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna ita ce Nuru ta shirin PlantVillage na jami'ar Penn State ta Amurka, wadda aka horar a kan cututtukan rogo da tsutsar masara da ta ɓulla a Afirka ta Yamma a 2016. Tana aiki ko babu intanet, wannan babban abu ne. Amma cimakarmu hatsi ce da dawa da wake, dukiyar jihar Tawa kuma albasar Galmi. Kafin wata manhaja ta gane tsutsar zangarniyar hatsi ko ruɓewar albasa a cikin rudu, sai an tara dubban hotuna daga gonakinmu, malaman gona sun zauna sun rubuta wa kowane hoto sunan cutarsa. Aiki ne mai gajiyarwa, ba a yi masa biki, kuma ba wanda zai yi mana shi in ba ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni da ta Tawa da masu binciken noma na cibiyar ƙasa INRAN da na cibiyar duniya ICRISAT a Sadore ba.

Wani misali yana faranta mini rai. A 2020 wasu masana ƙarƙashin Martin Brandt na jami'ar Kopenhagen suka sa na'ura ta ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya a hotunan tauraron ɗan Adam na yammacin Sahara da Sahel, suka samu kusan biliyan 1.8 a wurin da taswirori ke nunawa kamar fili ne fetal. Manoman Maradi da Damagaram da suka rungumi sassaben zamani tun shekarun 1980, suka raya gawo a miliyoyin kadada, sun daɗe da sanin abin da suka yi. Yanzu akwai kayan aikin da zai iya auna irin wannan ƙoƙari a idon duniya.

A fannin lafiya, hukumar lafiya ta duniya ta amince a 2021 a riƙa amfani da manhaja wajen karanta hoton ƙirji don tace masu tarin fuka, ga masu shekara 15 zuwa sama. Ga ƙasar da ƙwararrun masu karanta hoto suka taru a babban birni, wannan na iya sa majinyacin Abalak ko Keita ya san matsayinsa ba tare da ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota ba. Tace ce kawai take yi, gwajin majina ne ke tabbatarwa.

Jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline sun fara kai jini asibitocin karkara a Ruwanda a 2016, suka shiga Gana a 2019, daga baya Kaduna. Mace mai zubar jini bayan haihuwa ba ta da sa'o'in jira, don haka ba abin raina wa ba ne. Sai dai Ruwanda duka ba ta wuce murabba'in kilomita dubu 26 da ɗoriya ba, Nijar kuwa miliyan 1 da dubu 267. Jihar Tawa kaɗai ta ninka Ruwanda sau huɗu. Ga kuma dokokin tsaro a kan duk abin da ke tashi sama. Kuma jirgi ba ya kai jinin da ba a bayar ba.

Hausar wa na'urar take ji?

Kwanaki na gwada fassara wani saƙon da innata ta aiko mini daga Tawa, don in ga yadda wata manhajar fassara za ta yi da shi. Ta ce an kai yaro likita, magani ya ci jika biyar, ta ba mai kabu-kabu dala arba'in. Manhajar ta mayar da jika biyar ƴaƴan ƴaƴa biyar, dala arba'in kuma kuɗin Amurka. Ba ta san jika sefa dubu ba ce, dala sefa biyar, likita kuma a bakinmu wuri ne ba mutum kaɗai ba. In da shawarar magani ce ko lissafin bashi aka bi ta wannan hanya, da an cuci wani.

Dalilin a bayyane yake. Google ya sa Hausa cikin manhajar fassararsa tun 2013, amma Hausar da ke intanet mafi yawanta ta jaridu ce da gidajen rediyon waje, mai bin karin Kano. Adaranci da Gobiranci da Arewanci da Damagaranci a baki suke, ba a rubuce ba. Zabarmanci da Tamajak da Tubanci da Gurmanci sun fi mu shiga wannan hali. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Wannan mataki yana buƙatar rubutu mai yawa ya biyo bayansa, in ba haka ba na'urorin za su ci gaba da jin mu rabi-rabi.

Kuma tunda mafi yawan manyanmu, musamman matan karkara, ba sa karatun boko, duk manhajar da sai an rubuta mata tambaya ta riga ta ware su. Murya ce hanyarmu, kowa ya ga yadda saƙon murya ya mamaye WhatsApp. Ƙungiyar Masakhane ta matasan Afirka masu aiki a kan harsunanmu, da cibiyar RobotsMali ta Bamako da ta yi amfani da waɗannan kayan wajen samar da littattafan yara cikin Bambaranci, sun nuna ana iya farawa da ƙaramin ƙarfi. Rumbunan gidajen rediyonmu cike suke da shekaru na magana cikin harsunan ƙasa. Dukiya ce, kuma ya kamata a san wa zai mallake ta kafin a miƙa wa kowa.

Masu tsoro da masu ɗoki

Maganar ƙwace aiki, a ganina, an zuzuta ta a inda ba ta kai ba, an kuma yi shiru a inda take da gaskiya. Mafi yawan ƴan Nijar noma da kiwo suke yi, ba kuwa wanda zai sayo mutum-mutumin miliyoyi don ya yi noman da hauya da ƴan gayya ke yi. Waɗanda abin zai fara taɓawa su ne masu buga takardu, da masu fassara, da masu zanen talla, da ƙananan ma'aikatan ofis, wato daidai ayyukan da matasanmu masu takardar shaida ke layi a kansu. Sabbin ayyukan da ake alkawari kuma ba duka ne masu daraja ba. A farkon 2023 aka bankaɗo cewa ma'aikata a Kenya suna tace munanan rubuce-rubuce don horar da ChatGPT a kan ƙasa da dalar Amurka biyu a sa'a.

Togo ta ba da misalin da ke da fuska biyu. Lokacin korona, a shirin tallafi na Novissi, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam da yadda mutane ke amfani da waya wajen gano mafi talauci, aka tura musu kuɗi ta salula cikin gaggawa. Ya kai ga mutanen da da ba za a same su ba. Amma matar da ba ta da waya, ko wadda layinta ke da sunan mijinta, na'ura ba ta ganinta. In kuma ta cire ka, gaban wa za ka kai kuka? Mai unguwa in ya yi son kai ana iya tunkararsa a gaban jama'a.

Son kan na'ura ma tabbatacce ne. Binciken Joy Buolamwini da Timnit Gebru na 2018 ya nuna wasu manhajojin tantance fuska suna kuskure kusan kashi 35 cikin ɗari a kan mata baƙaƙe, ƙasa da kashi 1 a kan farar fata maza, saboda hotunan da aka horar da su. Abin da ya fi tayar mini da hankali a kusa shi ne muryar jabu. Yanzu ana iya kwaikwayon muryar malami ko basarake ko ɗanka da ke ci-rani daga ɗan gajeren saƙo. A wurin da aka saba gaskata kunne fiye da takarda, wannan ƙofar damfara ce da fitina. Duk wanda ya ji muryar ɗan'uwa tana neman a tura kuɗi da gaggawa, ya kira shi da kansa tukuna.

Dokoki suna tafe a hankali. Nijar tana da hukumar kare bayanan sirri ta HAPDP, Tarayyar Afirka kuma ta amince da manufarta kan wannan fasaha a Yulin 2024 a Akara. Abin da ya rage shi ne talaka ya san yana da haƙƙi a kan hoton fuskarsa da muryarsa da lambar wayarsa.

Wuta, da abin da na gaya wa kawu

Duk wannan a kan lantarki yake tsaye, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da shi a ƙasar nan. Mun ga abin da ya faru a 2023 da Najeriya ta katse layin da ke kawo mana kaso mafi tsoka, kafin tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 ta ɗan rage zafi. Manyan na'urorin da ke bayan ChatGPT suna cikin gine-ginen da ke shan wutar da ta fi ta wasu garuruwa, kuma ba a nan suke ba. Abin da ya dace da mu shi ne ƙanana: manhaja mai zama cikin waya ba ta neman intanet, na'urar hoton ƙirji mai aiki da hasken rana, ma'aunin ruwa mai aika saƙo da kansa, da wanda aka horar a garin zai gyara su in sun lalace.

Abin da na gaya wa kawu a daren nan shi ne, in ma'aunan Sirba suna raye, in an haɗa su da irin wannan hasashe, in kuma akwai wanda aka ɗora wa alhakin kai maganar unguwa, zai iya samun kwanaki kaɗan na shiri. Ba za ta gaya masa sa'a ba, kuma wata rana za ta ce ruwa na zuwa bai zo ba. Ya ce kwana biyu ma da sun ishe shi fitar da hatsi. A yanzu, duk Agusta, wani abokinsa da ke wajen Goteye yake kira ya tambaye shi launin ruwa da inda ya kai a jikin gaɓa, takardun yara kuma suna cikin gwangwani a rataye kusa da rufi.